Kifi da Guba

Shekara uku na bar Yawuri,
na kife jirgina a bakin Kwara,
na ɗau kwalin banda goma sha biyu,
na nufi Kwatano, wai in je in tara.
Arzika ya ce, "Faransanci ba wuya,
toshe hancinka kawai ka fara."

Kwana ɗaya da saukata, mai gidan haya
ya miƙo hannu, ya ce mini, "Sa ba?"
Na ce, "Haba malam, jiya na zo,
gaskiya ɗaya ce, ban saba ba."
Kullum ya tambaya, kullum in musa,
ina mamakin mutum bai gaji ba.
Sai da wata biyu suka shige
na gane gaisuwa ce, ba bincike ba.

Wata la'asar a gefen ruwan Tokpa
yara suka biyo ni, "Kado! Kado!"
Ni ɗan Sarkawa, na san dabbar
da ta raba Barmo da ƙafa a kududdufin Illo.
Na yar da kwali, na ɗare teburin mai tumatir,
ina leƙen ruwa, ina jiran ya ɓullo.
Ashe kyauta suke roƙo, dala biyar.
Jikka biyu na biya kuɗin tumatir,
matar na zagi, yaran na kallo.

Ran da yunwa ta murɗe mini hanji
na tsaya gaban Afiyabi mai tuwon masara,
na shafa ciki, na marairaice,
na ce, "Je fam," da 'yar ƙaramar murya.
Harafi guda na karkace:
maimakon yunwa, mata na ce ina da ita.
Ta dube ni sama da ƙasa,
ta nuna wani ƙato yana faskare a baya,
wai ita ma tana da miji.
Na sulale da yunwata, ban ko waiwaya.

Amma babbar ita ce ta kasuwa.
Kifi a bakinsu puwason,
guba kuma puwazon,
tsakaninsu bai fi kukan sauro ba.
Na buɗe kwali, na cika ƙirji:
"Puwazon! Sabo, daga Najeriya!
Ku kai wa maigida, ku ba yara!"
Mata suna janye 'ya'yansu,
ni ko ina ƙara rage kuɗi.
Kafin azahar ga jandarma.
Ya sa na cinye tarwaɗa guda a gabansa,
kai da ƙaya, ba ko ruwan korawa.
Ya duba agogo, ya jira in faɗi.
Da ya ga ban mutu ba ya ci biyu,
ya sa uku a jaka, bai biya ba.

Yanzu na dawo, jirgina na kan ruwa.
Jiya a rumfar Gado mahauci
ga Kwamla, ɗan Togo mai shimfiɗa tayil,
ya sayi nama na dubu, ya gyara tsayuwa,
ya ce, "Don Allah ƙara mini kashi,
matata na son shi cikin miya."

Gado ya saki wuƙa, ya riƙe ciki.
Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba,
har hulata ta faɗa cikin kwatami.
Sannan na ja shi gindin ɗorawa,
na ce, "Ƙashi. Daga maƙoshi. Danne, ka saki."
Ya shaƙe wuya, idonsa ya yi ja,
ya zazzaro, ya ce, "Kashi."

Na dafa kafaɗarsa, na ce, "Sa ba?"
Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Sa ba."
Na ce, "Ɗauki namanka.
Za ka saba."